Tsakanin jan bulo ya zaizaye, siminti zan cike da shi ko jir?

Ɗan Maiwurno:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin harkar gini ku ban shawara. Katangar gidanmu ce a Wad Madani ta ƙasar Sudan, jan bulo ne tun na zamanin mahaifinmu kuma da laka aka ɗora shi, ƙasansa akwai layi biyu na dutse. To ruwan damina ya cinye tsakanin bulon, wani wajen yatsa na shigewa har gaɓa biyu amma shi bulon lafiyarsa lau. Birkilan da na kira yace siminti ɗaya yashi uku a cike a huta, shi kuma ƙanin babanmu yace kar in kuskura, jir za a sa (wato lime, farin garin nan na gasasshen dutse da ake shafe bango da shi). Wanne zan bi?

Abu Hafsat:
Wa alaikumussalam. Ni dai ban ga abin dogon tunani ba, siminti ai shine mai ƙarfi, ka sa ka manta da maganar. Jir na shafen bango ne lokacin sallah.

Usta Mai Cokali:
Abu Hafsat ƙarfin nan da kake yabo shine matsalar ai. Ɗana ka bi maganar baffanka. Jan bulonmu na bakin Nilu da ake gasawa a kamina (matoyar bulo) da kashin shanu ba wani gasuwa yake sosai ba, yana da laushi yana shan ruwa, to ƙa'idar ita ce kwaɓin da za ka cusa a tsakani kar ya fi bulon tauri. In ka sa siminti 1 da yashi 3 ruwan da ya shiga bangon ba zai samu hanyar fita ta tsakanin ba, sai ya biyo ta fuskar bulon da gishirinsa, bayan wasu damuna sai ka ga bulon yana marmashewa yana komawa ciki shi kuma simintin yana tsaye cirko-cirko, kuma ranar da ka zo ɓamɓare shi da gefen bulon zai taho. Sake cike tsakani aiki ne mai sauƙi, canza bulo kuwa kuɗi ne.

Ga kuma ƙasar Jazira, yankin da Wad Madani take, kowa ya san halinta, baƙar laka ce da damina ta kumbura da rani ta dare. Katanga a kanta kullum tana ɗan motsi. Kwaɓin jir yana bin motsin, siminti zalla tsagewa yake, ruwa ya bi tsagar ya shige ya zauna a lakar da ke ciki.

Abin da zan yi in nine: jir 1 yashi 3. In kana tsoron ruwa ya dake shi kafin ya kama, musamman layin sama da gefen da iska ke kaɗo ruwa, to siminti 1 jir 2 yashi 9, iyaka in an matsa 1, 1, 6. Kar ka wuce nan. Yashin ya zama mai ɗan kaushi wankakke, ba mai ƙura ko gishiri ba.

Ɗan Maiwurno:
Allah ya saka Baba. Dutsen ƙasan fa, shi ma haka? Kuma jir ɗin wane iri, na buhu?

Usta Mai Cokali:
Dutsen in mai tauri ne irin baƙin nan zai ɗauki 1, 1, 6 ba komai. Jir kuma kasasshe ka nema, wanda an riga an kashe zafinsa da ruwa, in ɗanye ka samu wanda ke tafasa in ya ji ruwa to sai ka jiƙa shi a durom ya yi makonni ya zama kamar kindirmo, ka kori yara daga wajen don yana ƙona fata, ido kuwa ba a magana. Ka ƙwaƙule tsakanin da hannu zurfin kamar ninki biyu na faɗinsa, wajen santi 2, banda injin yanka don yana cin bakin bulo. A share ƙurar a yayyafa ruwa sannan a cusa kwaɓin yana da ɗan tauri, inda rami yayi zurfi a cike hawa-hawa. Kuma wlh in ka yi aikin nan da tsakar ranar Afrilu ko Mayu ka yi asara, zai bushe bai kama ba. Da sassafe ko bayan la'asar, a rataya jiƙaƙƙun buhuna ana yayyafi kamar mako guda.

Hajiya Ummu Sani, Jidda:
Mu ma nan tsofaffin gidajen Balad, tsohon garin Jidda, da aka yi da dutsen murjani, waɗanda UNESCO ta sa a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2014, da nura (jir ɗin kenan) ake gyaransu saboda dutsen yana da laushi ga gishirin teku. Maigidana ya daɗe a aikin gini, yace in faɗa maka kar wani ya ruɗe ka da jibis (gypsum, garin da ake POP da shi) don yana kamawa da wuri, na cikin ɗaki ne, a waje ruwa narkar da shi yake.

Abu Hafsat:
To shikenan, amma birkilan zai ƙara maka kuɗin aiki fa, jir ba ya sauri. Ku yi ciniki tun yanzu.