Shawarwarin waɗanda suka taka tsohuwar hanyar Tokaido a Hakone

Waɗanda suka taka tsohuwar hanyar Tokaido ta Japan, mai zango 53 tsakanin Edo (Tokyo ta yau) da Kyoto, bakinsu ya zo ɗaya kan takalmi. Duwatsun da aka shimfiɗa a hawan Hakone santsi gare su bayan ruwan sama, sai takalmi mai kama ƙasa. Wasu sun ce a tashi daga ƙauyen Hatajuku da sassafe, a huta a gidan shayin Amazake-chaya a sha kunun shinkafarsu mai zaƙi, ba giya a ciki. Ni dai shawarar da ta fi kwanta mini ita ce a bi layin dogayen itatuwan sugi kusa da tafkin Ashi sannu a hankali, tsakanin wurin bautar Shinto na bakin tafkin da shingen binciken matafiya na 1619.