Ɗaukaka ƙara kan hukuncin kisan kai idan hujja ba ta isa ba

A wata hira da aka yi kan yadda za a ɗaukaka ƙarar wani mutum da kotu ta kama da laifin kisan kai a Damagaram, shawarar da kowa ya fara bayarwa ita ce kada dangi su tsaya jiran taron gida. Wa'adin ɗaukaka ƙara kwanaki ne kaɗan, kuma wanda ke gidan kaso yana iya bayyana ƙararsa daga can, lauya ya biyo baya.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun hujja. A Nijar alƙali yana yanke hukunci ne bisa gamsuwar zuciyarsa da abin da aka gabatar, don haka cewa "bai aikata ba" kawai ba ya motsa kowa. Sai an nuna gurbin: shaidun da maganarsu a gaban jandarmomi ta saɓa da ta gaban alƙalin bincike (mai tattara hujjoji kafin a fara shari'a), takardar likita da ba ta tabbatar da sanadin mutuwa ba, ko amsa laifin da aka janye daga baya. Wani dattijo ya ƙara da cewa a duba niyya ma, domin duka da ya kai ga mutuwa ba tare da nufin kisa ba laifi ne daban, hukuncinsa ya fi sauƙi. A ganina nan ne yawancin shari'o'in rikicin manoma da makiyaya ke da ƙofa.

Kotun ɗaukaka ƙara ta Damagaram tana sake duba shari'ar. Kotun ƙoli a Yamai kuwa kuskuren doka take dubawa, ba ta sake auna shaidu. Marar halin lauya ya nemi ANAJJ, hukumar gwamnati mai ba marasa hali taimakon shari'a.