Muna yi wa injina sabis kowane wata, amma lalacewa ba ta ragu ba: ina matsalar take?

Mai Kula da Injina, Ogba

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'aikatan masana'antu. Ni ne ke riƙe da sashen gyara a wata masana'antar robobi da ke yankin Ogba a nan Legas, inda muke ƙera bokitai da kujeru da kwanduna. A da, al'adarmu ita ce a bar inji ya yi ta aiki har sai ya tsaya da kansa, sannan a nemo mu ko da tsakar dare ne. Da ƙyar na shawo kan masu kamfanin suka amince da jadawalin sabis, wato duk wata a tsayar da kowane inji, a kwance famfon mai, a canja boris da robobin da ke hana yoyo, a ɗura giris, sannan a mayar. An kashe kuɗi mai yawa a kan wannan tsari, musamman tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan gyaran da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tsayawar injinan ba ta ragu ba, hasali ma wasu a cikin makon da aka gama yi musu sabis suke lalacewa. Yanzu manaja yana cewa a koma tsohon tsari, tunda ba a ga amfanin sabon ba, ni kuma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, domin na san irin asarar da tsayawar ba-zata take jawowa. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan aiki su nuna mini inda gizo yake saƙar, da kuma hujjar da zan kai wa masu kamfani.

Injiniya, Apapa

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani ba baƙon abu ba ne, kuma masana sun daɗe da gano dalilinsa. A shekarar 1978, injiniyoyi biyu na kamfanin jiragen sama na United Airlines a Amurka, Stanley Nowlan da Howard Heap, sun fitar da rahoto kan yadda sassan jirgi ke lalacewa. Sun tarar cewa kashi 11 cikin ɗari ne kawai na sassan ke da lalacewar da ke tafiya da tsufa, ta yadda canja su bayan wani adadin sa'o'i zai yi amfani. Sauran kashi 89 ba su da wani lokaci da za a ce sun tsufa, kuma a cikin 89 ɗin nan, 68 sun fi lalacewa ne a farkon rayuwarsu, wato jim kaɗan bayan an ɗaura su, daga baya su daidaita. Ma'anar wannan a wurinka ita ce, duk lokacin da ka kwance famfon da ke aiki lafiya ka sa masa sabon boris, ka mayar da shi wannan lokaci na farko mai haɗari. Ƙura tana shiga man yayin da aka buɗe, ana iya buga boris da guduma maimakon a ɗumama shi ya zauna da kansa, ana iya haɗa famfo da injin da ke juya shi ba su miƙe daidai da juna ba, kuma giris idan ya yi yawa yakan sa boris ya ɗau zafi. Garin neman ƙiba ke nan aka samo rama.

Saboda haka ban goyi bayan manaja ba, amma ban goyi bayan jadawalinka yadda yake ba. Kafin ka sake kwance wani inji, ka fara da littafi. Kowane inji ya samu shafinsa, a rubuta ranar da ya tsaya, da sa'ar da ya tsaya, da sa'ar da ya tashi, da ainihin abin da ya lalace, ba a rubuta “an gyara” kawai ba kamar yadda yaranmu suka saba. Daga nan za ka fitar da lissafi biyu. Na farko shi ne matsakaicin lokacin da inji ke yi tsakanin lalacewa da lalacewa, na biyu kuma matsakaicin lokacin da gyara ke ci. A ce inji ya yi sa'o'i 600 yana aiki, ya tsaya sau 6, to kowane sa'o'i 100 yake tsayawa. Idan kowane gyara yana cin sa'o'i 5, injin yana samuwa kashi 95 cikin ɗari na lokacin da ake bukatarsa, idan kuwa ka rage gyaran zuwa sa'o'i 2 ta hanyar ajiye kayan da suka dace a sito, ya koma kashi 98 ba tare da ka taɓa cikinsa ba. Wannan shi ne harshen da masu kamfani ke ji, musamman idan ka juya kowace sa'a zuwa yawan bokitan da ba a ƙera ba.

Bayan 'yan watanni za ka ga cewa injina kaɗan ne, da sassa kaɗan a jikinsu, ke cinye yawancin lokacin. A kan waɗannan za ka zauna ka tambayi hanyoyin da kowanne zai iya lalacewa, da girman ɓarnar idan ya lalace, da ko yana ba da alama tun da wuri. Wanda ke ba da alama, kamar boris da ke fara ƙara da girgiza da zafi makonni kafin ya fashe, a riƙa auna shi yana cikin aiki, ba sai an kwance ba. Wanda ba shi da tsada kuma lalacewarsa ba ta tsayar da komai, a bar shi ya mutu a canja.

Tsohon Makaniki, Agege

Injiniya, Allah ya ƙara basira, na yarda da mafi yawan bayaninka, amma ina so in ja hankalin ƙanena kada ya ɗauki lissafin jirgin sama ya ɗora wa injin roba a Legas gaba ɗaya. Jirgi yana samun mai mai tsabta da kayan gyara na asali da wuta madaidaiciya, mu kuwa babu ɗaya daga cikin ukun da muke da tabbacinsa. Akwai abubuwan da tsufa ke kashe su ƙiri-ƙiri, kamar bel da matatar mai da tiyo da robobin toshe yoyo, kuma waɗannan dole su zauna a kan jadawali. Abin da za a daina shi ne kwance abin da ba ya ciwo. Wanke-wanke da tace mai da ɗaure notin da ya saki kuwa, waɗannan ba a taɓa daina su.

Ƙanena, kafin ka zargi makanikanka, ka duba wuta. Yawancin masana'antun Ikeja da Ogba suna yawo ne tsakanin wutar kamfanin rarraba lantarki da janareta, kuma kowane sauyi bugu ne ga injin lantarki da na'urorin da ke sarrafa shi. Idan ƙarfin layukan wuta uku da ke shiga injin lantarki bai daidaita ba, koyil yana ɗaukar zafi fiye da ƙima, kuma bambancin kashi 3.5 cikin ɗari kaɗai yakan ƙara zafin da kusan kashi 25. Ƙa'idar da masu naɗa koyil suka sani ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba tsawon ran rufin wayar gida biyu. Na'urar da ke yanke wuta idan layi ɗaya ya ɗauke ba ta kai kuɗin naɗin koyil ɗaya ba, amma sau da yawa za ka tarar an tsallake ta da waya domin tana “damun” masu aiki.

Sai kuma danshi, wanda mutumin da ya koyi aiki a Kano ko Kaduna ba ya saurin kawo shi a ransa. Iskar Legas cike take da ruwa, kuma tankin mai yana shaƙar ta duk lokacin da ya huce, ruwan ya taru a ƙasa. Ka zari man ka zuba a kwalba ka ɗaga a haske, idan ka ga ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, to ruwa ya shiga, kuma sabon famfo ma ba zai daɗe a cikinsa ba. Game da boris kuwa, ka san daga inda mai sayayya yake kawo su, domin jabu ya yi yawa a kasuwa, da kwali da suna iri ɗaya da na asali. Idan ka cire tsohon boris na asali mai sauran rai ka sa sabon jabu, ai ba sabis ka yi ba.

Mai Duba Inganci, Ikeja

Baba, na gode da ka ambaci na'urar da ake tsallakewa da waya, domin a nan ne nake ganin tushen matsalar. Ni aikina duba ingancin kaya ne, kuma abin da na lura da shi shi ne mai tuƙa inji yakan riga kowa sanin cewa injinsa ba shi da lafiya. Yana jin sauyin ƙara, yana ganin bokiti ya fara fitowa da baki a ɓangale ko da tabon ƙuna, amma ba zai faɗa ba, saboda a wurare da yawa idan inji ya tsaya a hannunka, kai za a zarga, wani lokaci har a yanke maka albashi. Ga ma'aikacin wucin gadi da ɗan kwangila ya kawo, wanda bai san ko gobe za a bar shi ya shiga ƙofa ba, shiru ya fi masa aminci, sai ya lallaɓa injin ya miƙa wa masu aikin dare. A irin wannan wuri, littafin da Injiniya ya ba da shawara zai cika da abin da ba gaskiya ba.

A masana'antun Toyota an ba kowane ma'aikaci ikon jan igiya ya kira shugabansa, har layin ya tsaya idan matsalar ba ta warware ba, kuma ba a hukunta shi a kan hakan. Su ne kuma suka shahara da tambayar “me ya sa” sau biyar a jere, har a wuce mutumin da abin ya faru a hannunsa a kai ga tsarin da ya haifar da shi. Malam, ka haɗa lissafin kayan da aka zubar da lissafin tsayawar inji a takarda ɗaya, domin duk tashin inji bayan tsayawa yana zuwa da tarin kayan da ba su cika ba kafin zafin mazubi, wato ƙarfen da ake zuba narkakkiyar roba a ciki, ya daidaita, kuma wannan asara ba kasafai ake ɗora ta a kan lalacewar ba.

Injiniya, Apapa

Hajiya Mai Duba Inganci ta taɓo miƙa aiki tsakanin masu rana da masu dare, kuma wannan ya wuce batun kuɗi, ya kai ga rai. A ranar 6 ga Yuli 1988, dandalin haƙar mai na Piper Alpha a Tekun Arewa, kusa da gaɓar Sikotlan, ya kama da wuta, mutum 167 suka mutu. Masu aikin rana sun cire bawul ɗin kariya na wani famfo domin dubawa, suka rufe bakin bututun na wucin gadi, amma labarin bai kai ga masu aikin dare ba. Da ɗaya famfon ya tsaya, sai suka tayar da wannan, iskar gas ta tsiyaye ta fashe. Yawan kwance injina yana ƙara yawan lokutan da hannun mutum ke cikin inji, don haka duk wanda zai shiga tsakanin mazubi ya kashe wuta daga tushe, ya sa kwaɗonsa, makullin ya zauna a aljihunsa, kuma a sauke matsin man da ya rage a bututu kafin ya miƙa hannu.

Mu a Legas ma ba mu manta da gobarar masana'antar robobi ta Odogunyan a Ikorodu ba, a watan Satumba na 2002, inda ma'aikatan dare da dama suka rasu, kuma rahotannin lokacin suka nuna cewa ƙofofi a kulle suke. Dokar masana'antu ta ƙasa ta wajabta killace sassan inji masu haɗari da tanadin hanyar fita idan gobara ta tashi, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora wa kamfani biyan kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi ga NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, sannan Jihar Legas tana da hukumarta ta kula da tsaron lafiya a wuraren aiki. Ka sa waɗannan a cikin takardar da za ka kai wa manaja.

Mai Kula da Injina, Ogba

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, na zari man injina biyu da suka fi damunmu, kuma ɗaya ya fito fari-fari kamar yadda ka siffanta. Na yanke shawarar dakatar da kwance famfuna, in bar wanke matata da canjin bel da tiyo a kan jadawali, in kuma buɗe littafin a bakin kowane inji. Abin da ya rage mini shi ne awon girgiza, domin ba na jin masu kamfani za su amince da sayen na'ura mai tsada a wannan yanayi.

Tsohon Makaniki, Agege

Ƙanena, ba sai ka jira na'ura mai tsada ba. Ka nemi ɗan ƙaramin ma'aunin zafi da ake haskawa daga nesa, da mitar da ake maƙala wa waya a ga yawan wutar da inji ke ja. Ka sa ɗigon fenti a jikin gidan kowane boris domin a riƙa aunawa a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya na yini, bayan injin ya yi zafi, kuma mutum ɗaya ya riƙa yi. Lambar rana ɗaya ba za ta gaya maka komai ba, hawanta daga mako zuwa mako shi ne abin dubawa. Injin da mansa ya yi fari kuwa, kada ka tsaya ga canja man kawai, ka gwada na'urar sanyaya mai ko ta huje ruwan sanyi yana shiga, ka kuma sa wa bakin tankin matatar iska mai tsotse danshi kafin ka zuba sabo.