Matuƙi na neman kilo, mitar tanka na ƙirga lita: yaya lissafin man jirgi?

Sabon Ma'aikaci: Assalamu alaikum. Ga tambaya ga masu zuba mai a filin jirgin Sultan Abubakar III. Matuƙi ya ce a ƙara masa kilo 8,000 na Jet A-1, wato man jiragen jet, mita kuma lita take nunawa. A yi lissafi da 0.8 kawai a wuce?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kilo shi ne lita sau densiti, wato nauyin lita ɗaya. In kilo aka ba ka, raba shi da densiti, lita ta fito. Amma 0.8 ƙiyasi ne, ƙane. Ƙa'idar Jet A-1 ta yarda da 0.775 zuwa 0.840 a zafin digiri 15 na Salsiyas. Ɗebi samfur daga tankar, tsoma haidromita, wato na'urar auna densiti, bari ta daina rawa, ka karanta idonka daidai da saman man, sannan ka auna zafinsa nan take. SG kuwa, wato specific gravity, kwatanta nauyin man da na ruwa ne, ba shi da kilo ko lita a jikinsa. Da yake litar ruwa kusan kilo ɗaya ce, lambar SG da ta densiti kusan ɗaya suke.

Ɗan Sakkwato: Malam ya gama magana, sai dai a ƙara batun zafinmu. Mai yana buɗewa in ya ɗumama, densiti na raguwa kamar 0.0007 zuwa 0.0008 a kowane digiri. Tankar da ta yini a rana cikin Afrilu, man cikinta na iya kai digiri 35, wanda takardar dafo, wato ma'ajiyar da aka ɗauko man, ta ce 0.800 sai ya koma wajen 0.785. Kilo 8,000 a raba da 0.785, lita 10,191 ke nan. Wanda ya yi lissafi da 0.8 ya zuba lita 10,000 ya ba jirgi kilo 7,850, saura 150. Lambar takardar dafo ta digiri 15 ce, kada a ɗora ta kan litar da mita ta ƙirga da zafi.

Injiniya: Haka ne. A kuma tambayi ma'aunin jirgin kafin a buɗe famfo: kilo ko laba? Kilo ɗaya laba 2.2046 ne. A 1983 wani Boeing 767 na Air Canada ya ƙare da mai a sama, ya sauka Gimli a Kanada injinansa a mace, don an yi lissafi da 1.77, wato laba a lita, aka ɗauka kilo ne. Galan ma biyu ne: na Amurka lita 3.785, na Ingila 4.546. Fetur ɗin ƙananan jirage, Avgas, wajen 0.72 yake, kada a ara masa lambar Jet A-1.