Diyyar rauni a bakin aiki: a ina maganarku ta maƙale?

Ɗan Sharada: Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da injin yanka roba ya datse mini yatsu biyu na hannun dama a wata masana'anta a Kano, kuma har yau ba ni da takarda ko ɗaya da ke nuna cewa a bakin aiki abin ya faru. A ranar, manaja da kansa ya kai ni wani asibiti mai zaman kansa a motarsa, ya biya kuɗin ɗinki, ya miƙo mini naira dubu ashirin a ambulan, ya ce in je in huta. Na ɗauka karamci ne, sai da na koma neman rahoton likita aka ce fayil ɗin na kamfani ne, ba za a ba ni ba sai da izininsu. Ina roƙon waɗanda suka bi wannan hanya su faɗi inda suka tarar da cikas.

'Yar Kakuri: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi, ɗan'uwa. Ni tafasasshen ruwa ne ya ƙone mini ƙafa. Kamfani ya ce ba ya da sunana, ɗan kwangila ne ya kawo ni, shi kuwa ɗan kwangilar ya ce a harabar kamfani na ƙone, don haka ba ruwansa. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne mata uku da suka ɗauke ni a ranar, da na nemi su shaida, kowacce ta sunkuyar da kai. Ban ga laifinsu ba, su ma kullum a bakin ƙofa ake zaɓar wanda zai shiga aiki.

Tsohon wakilin ƙungiyar ƙwadago: Hajiya, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ba ta ware ma'aikacin wucin gadi ba. Ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun hukumar NSITF, wato hukumar gwamnatin tarayya mai biyan diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki, kuma ta hana a cire shi daga albashin ma'aikaci. A shekarun da na yi ina bin irin waɗannan koke-koke, yawancin manajojin da suka danne rahoto ba su zuba kuɗin ba ne, suna tsoron asirinsu ya tonu. Dokar ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da mai kamfani, shi kuma mai kamfani kwana 7 ya kai rahoto hukumar, sannan a nemi diyyar a cikin shekara ɗaya.

Ɗan Sharada: Baba, ashe ke nan na makara, domin ban rubuta musu komai ba.

Tsohon wakilin ƙungiyar ƙwadago: Ba ka makara ba, ɗana. Hukumar tana iya karɓar ƙorafi idan ta gamsu cewa mai kamfani ko wakilinsa ya san da raunin, kuma kai manajan ne ya ɗauke ka da jininka a motarsa. Ka rubuta wasiƙa kwafi biyu, ka sa a buga maka hatimi a ɗaya, ka nemi katin asibitin da ke ɗauke da kwanan wata, sannan ka tafi ofishin hukumar da ƙafarka. Idan mutanen kamfani suka kawo maka takardar cewa ka yafe, kada ka sa hannu.