Minista marar aiki ko marar gafaka? Ku taya ni neman sunan kujerar Shastri

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Ina tsakiyar rubuta ɗan tarihin majalisar ministocin Indiya ta zamanin Nehru, sai wata kalma ta tsaya mini a wuya. Muƙamin nan da Turawa ke ce wa minister without portfolio, wanda Lal Bahadur Shastri ya riƙe kafin ya zama firaministan Indiya. Da farko na rubuta "minista marar aiki" na yi gaba abina. Da na dawo bita sai na ga ƙazafi na yi wa bayin Allah.

Bari in shimfiɗa muku. Ranar 15 ga Agusta 1947 da Indiya ta samu 'yanci, majalisar Jawaharlal Nehru mutum 14 ce har da shi, kuma kowa da abin da aka damƙa masa. Nehru ya haɗa firaminista da harkokin waje. Sardar Patel mataimakinsa ne, yana riƙe da cikin gida da yaɗa labarai da kuma ma'aikatar masarautu. Maulana Abul Kalam Azad ilimi, Ambedkar shari'a, Baldev Singh tsaro, Rajendra Prasad abinci da noma, Shanmukham Chetty kuɗi, Jagjivan Ram ƙwadago, sai mace ɗaya tilo, Rajkumari Amrit Kaur, a lafiya. Duk waɗannan ban sha wahalarsu ba.

Matsalar ta fara ne daga Gopalaswami Ayyangar, wanda aka shigo da shi daga baya ba tare da an ba shi ma'aikata ba. Mutumin nan ya yi firaministan masarautar Jammu da Kashmir daga 1937 zuwa 1943, don haka Nehru ya miƙa masa al'amarin Kashmir kacokan. Shi ya ja tawagar Indiya zuwa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a farkon 1948, kuma shi ya tsaya a kan tsara abin da ya zama sashe na 370 na tsarin mulkin Indiya, wanda ya ba Kashmir matsayi na musamman. Har sai da ran Patel ya ɓaci, don a ganinsa an shigar masa gona. To wanda ya ɗauki wannan kaya, da wane baki zan ce masa marar aiki?

'Yar Katsina:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni ban ga abin wahala ba. Ka ce "ministan ayyuka na musamman" mana, ai kunnen kowa ya saba da shi.

Ɗan Fagge:
Ƙanwata, na gwada shi, bai zauna ba. A Najeriya ayyuka na musamman ma'aikata ce sukutum, da ofis da babban sakatare da kasafinta. Duk wanda ya karanta zai zaci Indiya ma tana da irinta. Na biyu kuma, sunan yana yi wa kujerar kwalliyar da ba kowa ya cancanta ba. A Nuwamban 2005, gwamnatin Manmohan Singh ta karɓe harkokin waje daga hannun Natwar Singh bayan sunansa ya fito a rahoton kwamitin bincike na Volcker kan shirin Majalisar Ɗinkin Duniya na man Iraƙi a bakin abinci. Aka bar shi a majalisa da wannan muƙami, bai daɗe ba ya ajiye a watan Disamba. Wane aiki na musamman yake yi a 'yan makonnin nan? Jiran tsammani kawai.

Ɗan Damagaram:
To ku ce "ministan ko-ta-kwana", a ajiye shi sai buƙata ta taso. Wasa nake. Amma tun da an taɓo fassarar muƙamai, Malam Ɗan Fagge, ka yi hattara da wata kalmar a rubutun naka. Abin da ku kuke kira ƙaramin minista, in aka juya shi baƙi da baƙi zuwa Faransanci, a wurinmu nan Nijar babba ne. Ministre d'État yana gaba da sauran ministoci a daraja. Na sha ganin an rubuta "ƙaramin minista" a kan mutumin da shi ne na biyu ko na uku a gwamnati.

Ɗan Fagge:
Na gode, wannan gyara ne. Indiya tsarin Ingila ta gada, to nata ƙarami ne kamar namu, a ƙarƙashin babban minista yake. Akwai dai wani mataki a tsakani, ƙaramin ministan da aka sakar wa ma'aikata shi kaɗai babu babba a kansa, wannan na rubuta "ƙaramin minista mai cin gashin kansa" kuma hankalina ya kwanta da shi. Abin dariya ma, na taɓa ganin an kira Patel "ministan jihohi". Ba jihohi ba ne, masarautu ne fiye da 500 da Turawa suka bari a hannun sarakunansu, aikinsa shi da sakatarensa V.P. Menon shi ne shawo kansu su shigo cikin Indiya. Amma mu koma kan tamu.

Baba na Tudun Wada:
'Ya'yana, ina ta karanta ku ina murmushi. Abin da kuke nema ai yana cikin ɗaki tun kafin a haife ku. Minista marar gafaka. Haka muka taso muna ji a rediyo, haka kuma muka riƙa faɗa.

Ga waɗanda ba su san gafaka ba: jakar fata ce mai maratayi da malami ko almajiri ke sa Alƙur'ani ko littattafansa ya rataya. Kalmar Turawan ma asalinta ke nan, jakar da ake zuba takardu. Ministan da aka ba ma'aikata an ba shi jakar takardunta, wanda ba a ba ba ya shigo majalisa hannu sake. Waɗanda suka fara fassara wannan ba da ka suka yi ba, sun duba me Bature ke nufi, suka waiwaya suka ga abin da ya yi daidai da shi a rataye a zauren malam.

Kuma kujerar ba baƙuwarmu ba ce. A gwamnatin Jihar Arewa kafin 'yanci da bayansa, Sarkin Musulmi Abubakar na III da wasu manyan sarakuna sun zauna a majalisar zartarwa da wannan muƙami. Ka ga kuwa babu mai hankalin da zai buɗe baki ya ce Sarkin Musulmi marar aiki ne. An sa su ne don girmansu da nauyin maganarsu, ba don su zauna suna sa hannu a fayil ba.

Ɗan Fagge:
Allah ya ƙara girma Baba. Da tsohuwar zuma ake magani. Wallahi na taɓa jin kalmar, amma ta kwanta mini.

'Yar Katsina:
Baba, a gafarce ni, ina da ja. Na tambayi ƙannena biyu yanzun nan me ake nufi da gafaka, ɗaya ya ce wani irin abinci ne, ɗayar ta ce ba ta taɓa ji ba. Kuma dukansu sun yi makarantar allo. In kalma sai an fassara ta kafin a gane, me ta fi ta Turancin da shi? Ni dai da "minista marar ma'aikata" aka ce, ko yaro ya fahimta.

Baba na Tudun Wada:
Ba ki yi laifi ba 'yata, kuma maganarki tana kan hanya. Sai dai ki lura, marar ma'aikata bayani ne, marar gafaka suna ne. In mai karanta labarai ya ce "minista marar ma'aikata" da sauri, rabin masu saurare za su ji kamar an ce ba shi da ma'aikatan da ke yi masa aiki, tunda rubutun ɗaya ne, karin sauti kawai ya raba su. A takarda kuwa babu karin sautin ma. Sannan ƙannen naki ba su san gafaka ba ne don mun daina faɗa. In muka ƙara jefar da ita a nan, to a ina za su ji ta?

Ɗan Damagaram:
Wannan batu na ma'aikata da ma'aikata ya kashe bakina. Ban taɓa lura ba.

Ɗan Fagge:
Ni abin da ya ja ni wajen gafaka shi ne ba ta yabo ba ta zagi. Na jera waɗanda suka hau kujerar nan a Indiya na ga ba jinsi ɗaya ba ne ko kusa.

Akwai wanda aka ajiye a bakin ƙofa kafin babbar kujera ta samu. Rajagopalachari, gwamna janar na ƙarshe, ya shigo majalisa a 1950 babu ma'aikata, da Patel ya rasu ranar 15 ga Disamba na shekarar sai aka ba shi cikin gida. Krishna Menon ma haka, ya shigo a 1956, yana kan wannan muƙamin ya yi jawabin nan na kusan awa 8 kan Kashmir a Kwamitin Sulhu a Janairun 1957, bayan 'yan watanni ya zama ministan tsaro. Akwai wanda ciwo ya kwantar, kamar Arun Jaitley a 2018 lokacin da aka yi masa dashen ƙoda, Piyush Goyal ya riƙe masa kuɗi har ya warware. Ga kuma irin su Natwar Singh da aka raɓe a gefe.

Amma wanda ya sa na buɗe wannan zance tun farko shi ne Lal Bahadur Shastri. Yana ministan cikin gida ya sauka a 1963, ƙarƙashin shirin Kamaraj da ya sa manyan jam'iyyar Congress barin kujerunsu su koma aikin jam'iyya. A Janairun 1964 Nehru ya samu shanyewar jiki a Bhubaneswar, sai ya kira Shastri ya dawo majalisa, ba a ba shi ma'aikata ko ɗaya ba, aka ce ya taya firaminista ɗaukar kaya. A daidai lokacin Kashmir na tafasa. A ƙarshen Disamban 1963 an nemi gashin da ke ajiye a masallacin Hazratbal a birnin Srinagar, wanda mutanen can suka yi imani na Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka rasa. Gari ya rikice. An samo shi a farkon Janairu, amma jama'a suka ƙi yarda cewa shi ne na ainihi. Shastri aka tura. Ya saurari mutane, ya amince malaman da suka san gashin su duba shi a bainar jama'a, suka tabbatar, ƙura ta lafa. Nehru ya rasu ranar 27 ga Mayu, Gulzarilal Nanda ya yi riƙon ƙwarya, ranar 9 ga Yuni Shastri ya zama firaminista. Daga babu ma'aikata ya haye kan dukkan ma'aikatu.

To kalmar da za ta ɗauki Shastri ta ɗauki Natwar Singh ba tare da ta yi ƙarya a kan ɗayansu ba, dole ta tsaya a kan abu guda da suka yi tarayya a kai: babu jaka a kafaɗarsu.

'Yar Katsina:
Na sauko, amma da sharaɗi. Karon farko da kalmar ta fito a rubutun, a biyo ta da ɗan bayani. Daga nan a sake ta ta yi tafiyarta.

Ɗan Damagaram:
Saura rubutu. Marar, maras, ko mara? Na ga duka ukun.

Baba na Tudun Wada:
Duka Hausa ce, bambancin gari ne da kunne. Mu "maras gafaka" bakinmu ya saba. Ɗana, ka zaɓi ɗaya ka riƙe ta daga farko har ƙarshe, kada shafi na biyu ya saɓa wa na biyar. In suna da yawa kuma, ministoci marasa gafaka.

Ɗan Fagge:
To Baba, na ɗauki marar. Ga yadda jimlar ta koma: "A Janairun 1964 Nehru ya dawo da Lal Bahadur Shastri majalisa a matsayin minista marar gafaka, wato wanda ba a ba shi wata ma'aikata ta kansa ba." Ƙanwata, ki karanta wa ƙannen nan naki ki gaya mini ko har yanzu abinci suke ji.

'Yar Katsina:
Na karanta musu. Ƙaramar ta ce ta gane, amma tana so a nuna mata gafakar da idonta. Baba, ko akwai ta a gida a ɗauko mana hoto?

Baba na Tudun Wada:
Akwai ta mahaifina, tana rataye a zaure. Bari jikana ya dawo daga islamiyya, shi ya iya ɗaukar hoto da wayar nan.