Ƙullutu biyu a jikin tsohuwar karyata, me ya kamata in yi?

Mai Kajin Shika:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da karya, Duna, ita ke gadin gidan kajina a wajen Shika. Shekararta 10, tun tana kwikwiya take hannuna. Ranar Asabar ina cire mata kaska sai hannuna ya faɗa kan wani ƙullutu a haƙarƙarinta na dama, girman ƙwan zabo, mai laushi. In ka tura shi zamewa yake ƙarƙashin fata, ita kuwa ko a jikinta. Da na kwantar da ita na duba ciki, sai ga wani ƙarami kusa da nonon baya na hagu. Wannan da tauri, kuma a manne yake. Yaron da ke ba kaji abinci ya ce babban tun kafin sallar layya yake ganin shi, ƙaramin ne bai san da shi ba.

Tana ci, tana haushi, sai dai zagayen dare ya ragu. Ta haihu sau da yawa, ba a taɓa cire mata mahaifa ba. Wani makiyayi maƙwabcina ya ce a yi wa babban lalas kamar yadda suke yi wa shanu. Me kuka gani?

Tsohon Mafarauci:
Wa alaikumus salam. Malam, fara duba ko akwai ɗan rami a tsakiyar kumburin. Da damina akwai ƙudan da ke zuba ƙwai a ƙasa mai danshin fitsari, kare ya kwanta a wurin, tsutsa ta shige fata. Mu mukan toshe ramin da basilin, ta rasa iska ta leƙo, a matse a hankali ta fito fara ƙal. Amma wannan yana damun kare, lasa yake yi ba hutu, kuma tsutsar ba ta wuce mako biyu a jiki. Tunda naka ya yi watanni, ba ita ba ce.

Maganar lalas kuwa, don Allah ka bar ta. Kare ba sa ba ne, fatarsa ba ta ɗauka.

Ɗan Kasuwar Hatsi:
Alhaji, kare ne fa, kuma ta tsufa. Kuɗin da za ka kashe ka nemi kwikwiyo biyu mana.

Likitar Dabbobi:
Malam, sannu da ƙoƙari. Tun kan in yi nisa, babban da ya tayar maka da hankali ba shi ne ya fi damuna ba, ƙaramin ne.

Yadda ka kwatanta na haƙarƙarin, mai laushi, mai zamewa, ba zafi, ya yi kama da dunƙulen kitse. Tsofaffin karnuka suna yawan yin sa, musamman masu ƙiba, kuma galibi ba a taɓa shi sai in ya hana tafiya ko kwanciya. Na ce ya yi kama ne kawai. Akwai wani ƙarin fata mai haɗari da kan zo da laushi iri ɗaya, wani lokaci ya kumbura yau ya sace gobe, mai kare ya ɗauka ya warke. Hannu ba ya rarrabe su, ko nawa ne. Abin da muke yi shi ne mu soka siririyar allura mu zuƙo ɗan abin da ke ciki, mu shafa a gilashi mu duba a madubin likita. 'Yan mintoci ne, yawanci ba ma sai an sa ta barci ba.

Na nonon labarinsa daban. Karya tana da nono biyar a kowane ɓangare, kuma na baya sun fi kamuwa da ƙari. Tsohuwar karya da ba a cire wa mahaifa da ƙwai ba ita ce kan gaba, kuma kusan rabin irin wannan ƙari sankara ce. Tauri da mannewa ba alamu ne masu daɗi ba. A nan allura kaɗai ba ta cika ba da amsa ba, akan cire shi ne da tiyata a kai ɗakin gwaji. Kafin nan a ɗauki hoton ƙirji, domin in ya bazu huhu yake nufa. Wanda aka cire bai kai santimita 3 ba ya fi kyakkyawan ƙarshe nesa ba kusa ba. In aka jira ya fashe ya fara wari, ƙuda ya samu wuri, aikin ya zama wani abu.

Yau da yamma ka yi wannan: ka auna kowanne da abin awon tela, ka rubuta da kwanan wata, ka ɗauki hoto da waya. Ka shafa sauran nonuwan ɗaya bayan ɗaya. Ka laluba ƙarƙashin muƙamuƙi, gaban kafaɗa, hammata, matsematsi da bayan gwiwa, ko akwai kaluluwa. Kada ka matsa, kada ka yi sakiya. Kuma kada a ba ta ibuprofen ko diclofenac na mutane, suna cinye cikin kare su lalata ƙoda. Ina yawan ganin wannan, mutum da kyakkyawar niyya.

Kai da ke Shika ma ka yi sa'a, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan kusa da kai. Tambaya ɗaya: an taɓa yi mata allurar hana ɗaukar ciki? Ita ma tana ƙara haɗarin, ka faɗa wa likitan da zai duba ta.

Mai Kajin Shika:
Na gode Baba, na duba, babu rami. Likita, Allah ya saka da alheri. Ba a taɓa yi mata wannan allurar ba. Na auna, babban santimita 5, ƙaramin bai cika 2 ba, kuma na ji wani ɗan ƙanƙani a nonon da ke gabansa wanda da ban lura da shi ba. Kaluluwa dai ban ji ba.

Ɗan'uwa mai hatsi, kwikwiyon da kake faɗa sai ya shekara kafin ya san bambancin ɓarawo da mai sayen ƙwai. Duna ta hana muzuru da mutane ɗaukar min kaji shekara goma, ba ta taɓa tambayar albashi ba.

Litinin in sha Allah zan kai ta. Likita, ba ta taɓa shiga mota ba, kuma ba ta yarda baƙo ya taɓa cikinta. In ɗaure mata baki tun daga gida, ko in bari sai mun isa? Kuma in ba ta abinci da safen ko in bar ta haka?